Cokali Uku na Jan Jajjage

Eusebio Téllez Carmona,
Gida mai lamba 14, Layin Los Fresnos,
Unguwar El Calvario,
Santa Inés Tecolco, Jihar Puebla.
Talata, 25 ga Oktoba, 2022.

Zuwa ga:
Mai girma Lauya Anselmo Zárate Munguía,
Shugaban Sashen Duba Tsabtar Wuraren Abinci,
Ƙaramar Hukumar Santa Inés Tecolco.

GAME DA: Ƙorafi kan rufe ɗakin cin abinci na Doña Herlinda Popoca da ke bayan kasuwar El Calvario, tare da janye rahoton da na sa wa hannu ranar 10 ga Oktoba, 2022.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan wannan takarda za ta same ka lafiya. Ni ne mai sunan da ke sama, ɗan shekara sittin da bakwai, malamin firamare mai ritaya. Shekara talatin da huɗu na yi ina koyar da yaran garin nan, kuma cikin abin da na koya musu har da munin ƙarya. Ƙorafina kashi biyu ne, ɗaya a kan ma'aikatanka, ɗaya a kaina, kuma nawa ya fi muni. Abin da nake nema shi ne a cire takardun rufewa daga ƙofar Doña Herlinda ta koma girkinta. Ga bayanin a jere:

1. Doña Herlinda Popoca mace ce mai shekara sittin da uku, mijinta ya daɗe da rasuwa, kuma ita ke riƙe da yayarta Casilda wadda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar. Shekara ashirin da biyu tana dafa abincin rana a ɗakin nan mai tebur biyar: romon taliya, shinkafa, sai kaza ko nama cikin miya, da wake, da tortiya mai zafi, wato gurasar masara, da ruwan zoɓo, duk a farashin da talaka ke iya biya. Tebur a wurin ba na kowa ba ne, inda ka sami kujera nan za ka zauna, ko kusa da mai shara ko kusa da mai kantin magani. Shekara tara ke nan nake cin abincin rana a can, saboda maiɗakina Ofelia tana yini wajen jinyar mahaifiyarta.

2. A watan Mayun 2021 likita ya gano ina da gyambon ciki, ya hana ni barkono kwata-kwata. Ranka ya daɗe ɗan ƙasa ne, ya san irin kallon da ake yi wa namijin da ba ya cin barkono. Na gaya wa Doña Herlinda a asirce. Tun daga ranar take ɗebar mini nawa kafin ta zuba barkono a tukunya, kuma da zarar na zauna sai ta zo da tsumma kamar mai goge tebur, ta ture kwanukan jajjage biyu, ja da kore, can nesa da ni. Ba ta taɓa gaya wa kowa dalili ba.

3. Ranar Alhamis, 6 ga Oktoba, da misalin ƙarfe biyu da rabi na rana, na zauna tebur ɗaya da Nicanor Huerta, bakanike, da abokan aikinsa biyu. Nicanor ɗalibina ne a aji huɗu, yanzu ya haura arba'in, gemunsa ya fara furfura amma bakinsa yana nan yadda na san shi. Ya ga yadda aka ture kwanukan, ya leƙa farantina. Zan kawo maganarsa kamar yadda ya faɗe ta, ina neman afuwar ofis: "Kai, Malam, ashe abincin jarirai ake ba ka? Doña, ki haɗo wa Malam da madara a bulumboti mana!" Aka fashe da dariya har tebur na gaba. Doña Herlinda ta ce masa, "Kai Nicanor, ci naka ka bar mutane, baki kamar tsohuwar salansa." Sannan ta sunkuyo ta ce mini a hankali, "Malam, jan nan na yau da attarugu na yi shi. Don Allah kada ka taɓa." Ina roƙon a lura da wannan, domin ta gargaɗe ni a gaban shaidu uku. Ni kuwa na ce mata tun ba a haifi wannan mai bakin ba nake cin barkono. Na miƙa hannu na jawo kwanon, na zuba cokali uku a kan kazata, na cinye tas. Hawaye na zuba, hanci na yoyo, ina cewa ko ɗan zafi babu. Nicanor ya tafa mini, kuma ina jin kunyar rubuta cewa tafin nan ya yi mini daɗi.

4. Kafin ƙarfe biyar na yamma ina kwance a asibiti, ina amai da jini. Ofelia ta baro mahaifiyarta ta zo a guje, takalminta ma ba iri ɗaya ba. Wannan mata shekara ɗaya da rabi tana cin abinci salam a gida, ita da ta fi ni son barkono, don kawai kada in gani in yi kwaɗayi. Ta riƙe hannuna ta tambaye ni me na ci. Na dubi fuskarta na kasa faɗin gaskiya. Sai na ce kazar da aka ba ni tana ɗan wari. Ban shirya ƙaryar ba, kuɓuce mini ta yi, amma kwana uku na yi a gadon asibiti da bakina lafiya lau ban gyara ta ba. Ranar Litinin, 10 ga Oktoba, Ofelia ta rako ni ofishinka, tana cewa ba za a bari a kashe wani ba. Na cike takardar rahoto da rubutuna mai kyau na malami. Akwai gurbin da mutum zai yi alama idan yana so a ɓoye sunansa, ba wanda ya nuna mini shi, ni na nemo shi da idona. A zuciyata na ce ai takarda ce, za ta kwanta a durowa kamar sauran. Ban taɓa ganin ofishin nan ya yi aiki da sauri irin na wannan karon ba.

5. Ranar Juma'a, 14 ga Oktoba, da ƙarfe biyu na rana, lokacin da ɗakin ke cike, ma'aikatanka biyu suka iso. A nan ne ƙorafina a kansu ya fara, kuma ba labari aka ba ni ba. Ina tsallaken titi, a laɓe bayan rumfar mai jarida, tsoho da ni. Ba su nemi takardar asibiti ba, wadda ta rubuta ɓaro-ɓaro cewa gyambo ne ya fashe. Ba su ɗauki ko loma ɗaya don gwaji ba. Sun buɗe firiji, sun shinshina kazar, sun rubuta a takardarsu cewa lafiyarta ƙalau. Duk da haka babbansu ya ɗaga murya har ina jiyowa, ya ce an kawo rahoto cewa Doña Herlinda tana ciyar da mutane ruɓaɓɓen nama. Cokula suka tsaya a hannun mutane. Sannan ya tuttula ruwan bilic a cikin tukunyar mole, miyar nan mai kayan haɗi da yawa, wadda matar ta yi kwana biyu tana soya kayanta tana niƙawa. Da suka rasa laifi a cikin abinci, sai suka koma kan kaskon tortiya da ke bakin ƙofa, wai ya shigo hanyar masu tafiya da ƙafa da rabin taku. Shekara ashirin da biyu kaskon nan yana wurin, kuma ƙaramin cikin ma'aikatan nan na sha ganinsa tsaye a gabansa yana jiran mai zafi. Suka manna takardun rufewa guda uku a ƙofa. Doña Herlinda ba ta yi kuka ba, ta dai tsaya da ludayi a hannu tana ba masu cin abinci haƙuri ɗaya bayan ɗaya. Ban tsallaka titin ba.

6. Yau kwana goma sha ɗaya ɗakin a rufe. Maganar ma'aikacinka ta zaga kasuwa ta dawo da ƙari, yanzu naman kare ake cewa. Sau uku Doña Herlinda ta zo ofishinka, ranakun 17, 19 da 21 ga wata, kowane zuwa sai ta bar Casilda a hannun maƙwabta, kowane zuwa a ce mata ta dawo mako mai zuwa. A na ƙarshe aka ce ta kawo ƙorafi a rubuce.

7. Jiya Litinin, 24 ga wata, da hantsi, ta ƙwanƙwasa ƙofata, Ofelia ba ta nan. Ta zo da romon kaza a kwanon rufi, mara barkono, ta ce ta ji na kwanta asibiti. Ta ce, "Na ce maka kada ka taɓa, Malam, kai da taurin kai kamar jaki. Amma kwantar da hankalinka, ban gaya wa Doña Ofelia ba, kuma ba zan gaya mata ba." Daga nan ta roƙe ni in rubuta mata wannan takarda, saboda karatunta bai yi nisa ba, idonta kuma ya yi rauni. Ta ce, "Kai ka san yaren ofis. Ka rubuta musu ban taɓa cutar da kowa ba. Wanda ya kai ni ƙara kuwa, kada ka zage shi, wataƙila bawan Allah da gaske cikinsa ya yi ciwo." Na ce to. Na karɓi kwanon har na yi godiya. Ranka ya daɗe, ban taɓa jin na raina kaina irin na lokacin ba. Da Ofelia ta dawo da yamma na gaya mata komai. Sai ta ce, "Ashe har ni ka sa na ɗauki alhakin matar nan." Daga jiya zuwa yanzu ba ta ƙara ce mini uffan ba.

Saboda haka, cikin ladabi nake roƙon mai girma Shugaba:

Na farko, a soke rahotona na 10 ga Oktoba, domin ƙarya ne daga farkonsa har ƙarshensa. Na biyu, a cire takardun rufewa ba tare da an sake ce mata mako mai zuwa ba. Idan kaskon ne matsalar, Nicanor ya yi alkawarin matsar da shi ciki a yini ɗaya. Na uku, tunda da murya aka ɓata mata suna a gaban jama'a, a aiko wanda zai tsaya a ƙofar nan da ƙarfe biyu na rana ya faɗa da irin wannan muryar cewa ba a sami komai a kazarta ba. Na huɗu, a cire alamar ɓoye suna daga takardata. Duk hukuncin da doka ta tanadar wa mai rahoton ƙarya, a kaina ya dace ya sauka, kuma adireshina yana sama.

Na haɗo da kwafin takardar asibiti, da shaidar Nicanor Huerta da abokan aikinsa biyu, kowa da sa hannunsa.

Doña Herlinda ta ce sai an karanta mata takardar ta ji kafin ta sa hannu. Ba zan ɓoye wa ranka ya daɗe ba, da safiyar nan na fara rubuta wata ta daban, gajera, mai tsabta, wadda babu sakin layi na huɗu a cikinta, don kunnenta. Na kai rabi na yaga ta. Gobe Laraba da ƙarfe goma na safe zan zauna a tsakar gidanta, a gaban Casilda, in karanta mata wannan ɗin tun daga adireshi har ƙasa, ba zan tsallake layi ba. Idan ta iso teburinka da sa hannunta a ƙarƙashin nawa, to ta ji komai kuma ta yarda sunanta ya zauna kusa da nawa. Idan ka ga gurbin babu komai, ina roƙon kada a riƙe mata wannan, roƙona yana nan yadda yake.

Ka huta lafiya, Allah ya ƙara girma.

Naka mai biyayya,

Eusebio Téllez Carmona
Malamin firamare mai ritaya

Sa hannun mai ɗakin abinci, Herlinda Popoca: ______________________