Kaset Ɗin Baba da Kunnena na Dama

Abijan, ranar Lahadi

Zuwa ga Yaya Bibata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya a Gaya, ke da Malam Yakuba da yara. Na ji Nuriya ta sauka, Allah ya raya, ya sa mai jin ƙan iyaye ne. Ciwon gwiwarki kuma Allah ya sawwaƙe. Ni ma ina nan, sai gajiyar da barci ba ya fitarwa.

Waƙar Baba da kika aiko ta salula ta iso. Na san kin yi iya ƙoƙarinki, kin kunna kaset a tsohuwar rediyonsa kin kara salula a bakinta. Da babu gara ba daɗi. Amma bari in gaya miki abin da na ji.

Kin san shekara goma sha shida ke nan ina shagon ɗan Labanan ɗin nan, ni ke gwada kayan sauti kafin a miƙa wa mai saye. Muna da kaski, abin nan da ake kifawa a kunnuwa, wanda kuɗinsa zai sayi kwale-kwale har da injinsa. Kowanne da halinsa, kamar mutane. Rufaffen kaski da ampli, na'urar ƙara sauti, na zamani kiɗan rawar 'yan Abijan suke so, ganga ta doke ka har ƙirji, amma ka sa musu goge sai ya koma kukan sauro. Akwai kuma buɗaɗɗe mai raga a baya, da ake haɗawa da ampli mai fitilu, wanda sai ya yi ɗumi yake magana. Wannan shi ne na murya da tsirkiya. Jitar 'yan Kongo tana kwarara a cikinsa, kiɗan Turawa na mutum hamsin kuwa har inda kowa ke zaune za ka gane. Aibinsa ɗaya, ba ya rufa wa kowa asiri.

A cikinsa na sa saƙonki. Na ji fankarki, na ji akuya, na ji kabu-kabu biyu sun wuce, na ji kina ce wa Salima ta rufe ƙofa. Baba da molonsa kuwa suna can ƙasa kamar mai waƙa a cikin rijiya. Na yi dariya, daga baya dariyar ta ƙi ƙarasawa.

Yaya, akwai abin da na ɓoye miki. Kunnena na hagu ya mutu tun azumin bara. Lokotoro, wato likita, ya ce ƙarar shekarun nan ce ta cinye shi, na dama ma ya kama hanya, kuma ba ya yi mini alkawarin shekara. Patoro, mai shagon, ya gane ranar da na miƙa wa mai saye kaskin da gefensa ɗaya ya lalace, na ce lafiyarsa lau. Bai kore ni ba, ya mayar da ni ɗaure kwalaye a bayan shago. Ban ga laifinsa ba, ko ni ne haka zan yi. Abin da ke cina shi ne na ƙarar da kunnuwana a kan kiɗan kowace ƙasa, ban taɓa jin ubana a cikin kayan nan ba. In ba ƙira, me ya ci gawayi?

Hama ɗan'uwanmu ya gaya mini dalilinki na ƙin aiko kaset ɗin kansa. Kin ce kaset ɗin guda ne, gada a rufe take, da kwale-kwale ake ƙetarewa Malanbil, ba za ki miƙa wa ruwa abin da ya rage mana ba. Kina da gaskiya, kuma in ya nutse ba ni da abin biyanki. Sai dai ki tuna Baba ya yi shekara arba'in yana su a Tunuga, kogin nan bai ci shi ba. Gambo direba zai taso zuwa nan bayan sati biyu. Ki naɗe kaset ɗin a leda biyu, ki sa a gwangwanin madara, ya rataya a wuyansa. Patoro ya yarda in taɓa na'urar shago. Zan kwafe muku tas, kaset ya koma hannun Gambo. Da makirfo ɗaya aka ɗauki Baba, kunne ɗaya ya ishe shi.

In zuciyarki ba ta ba ki ba, ba zan riƙe ki ba, ke kika yi jinyarsa ina nan. Ki dai sanar da ni da wuri, kada in yi ta sintiri a tasha.

Ki gaishe mini da Malam Yakuba, da Hama da iyalinsa, da Salima, da mai jego da baƙonmu, da Inna Aisata in kin shiga garin Bana. Amsar kuma ki sa a rubuta, kada ki aiko ta da murya. Ɗan jin da ya rage, Baba nake ajiye wa.

Naki ƙane,
Alassan Alfari