Saƙon Muryar da Ke Wayar Abdulfatahi

Kontagora,
Ranar Laraba.

Yaya Muhyiddin,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kana lafiya a can Nairobi, Allah ya ƙara maka kwanciyar hankali a wurin aiki. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Hajja ta yi sauƙi, har ta je ta'aziyya Mashegu ta dawo a makon jiya. Na zauna rubuta maka ne don kwana huɗu ke nan ina kiranka ba ka ɗauka, maganar kuwa ba ta jira ba ce.

Tun ranar da kamfaninku ya sanar cewa tsohon wasan harbin nan na intanet zai sake fitarwa, ba kashi na biyu ba, samarin da ke taruwa a shagon gyaran waya na Philip suka tayar da hankali. Shekara biyar suna jira, sai ga taswirorin da suka haddace da bindigogin da suka gaji da su, an yi musu sabon fenti kawai. Ni ban san wasan ba, amma na ga fuskar Abdulfatahi ɗan Kawu Jumare, wanda shi ne shugaban ƙungiyarsu. Shi ya hana mutanensa komawa wani wasa, ya ce su yi haƙuri, ɗan'uwansa da ke kula da masu wasa a kamfanin, wato kai, ya tabbatar masa sabon na tafe bana. Yanzu ko'ina ya bi ana kiransa maƙaryaci, har wani mai keke napep ya tsaya ya yi masa tsiya a gaban mahaifinsa.

Abin da ya tsorata ni shi ne saƙon muryar da ka aiko masa da azumi, inda ka faɗa masa sirrin kamfani. Wani ɗan ƙungiyarsu, Abdulmalik, da wasu suka matsa masa ya saka shi a intanet, duniya ta ji cewa ma'aikacinku ne ya yi alkawari. Matar Philip, Miracle, ita ta zo har gida ta gaya mini, ta ce idan ya fita, aikinka ya tafi. Nan take na ɗauki mayafi na nufi shagon.

Na sami shagon cike, ana ta hayaniya, wayar tana hannun Abdulfatahi. Na ce masa ya fito mu yi magana, Abdulmalik ya ce ai wannan ba maganar mata ba ce. Na ce masa maganar gidanmu ce. A waje na roƙi Abdulfatahi. Ya ce shi kamfani bai dame shi ba, ai ba su san shi ba. Abin da ya ƙona masa rai shi ne da ya rubuto maka yana tambaya, sai ka aiko masa da amsar nan da kuke aika wa kowa da Turanci, sannan ka toshe lambarsa. Ya ce kai ka koya masa wasan nan a ɗakinka, kuma da ka ce masa kai ma an yaudare ka, da ya tsaya ya sha zagin shi kaɗai. Idanunsa sun yi ja, Yaya.

A gabana ya goge saƙon, ya rantse bai taɓa tura wa kowa ba. Da ya koma ciki ya faɗa musu, suka cire shi daga shugabanci a nan take, ina tsaye ina ji. Ya fito ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Aikinka ya tsira, shi kuwa ya rasa abokansa. Ka buɗe lambarsa ka kira shi, da Hausa, da muryarka. Ban gaya wa Hajja komai ba, amma jiya ta tambaye ni me ya sa Abdulfatahi bai zo cin tuwon dare ba kwana biyu, na ce mata ban sani ba, kuma ba zan yi mata ƙarya sau biyu ba.

Hajja tana sa maka albarka. Sadiya da Husaini suna gaishe ka. Ka gaida Anti Hadijatu da ƙaramar Nana Hafsat.

Ƙanwarka,
Salihatu