Ranar da Madam Ta Zo Kallon Wasa

Zuwa ga ɗana Mamman,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da abokan zamanka a Agadas. Yaya aiki, yaya zafin can? Mu nan Gure lafiya lau, alhamdu lillahi.

Ranar Talata wata madam ta zo daga asibiti saboda ɗanka Sani, da ya shekara uku ko "Inna" bai ce ba. Wai aikinta ta ga yadda uwa ke wasa da ɗanta. Ta shimfiɗa tabarma, ta zuba ƴan gwangwanaye, ta ce wa matarka, "Hadiza, kira sunansa, ku yi wasa."

Ni kuwa na jawo kujerata na zauna daf da su. Ɗan fari, a gaban uwar miji! Kunya ta kama Hadiza, ta sunkuyar da kai ta ce, "Kai wannan, zo." Yaro na jan zanenta, ita tana kallon ƙasa, madam tana ta rubutu.

Madam ta tambaye ni, "Hajiya, kullum haka take da shi?" Na ce, "Ƴata, ai kina da ido." Waƙar da Hadiza ke masa in ta rufe ƙofa kuwa, ba a tambaye ni ba.

Madam ta ce yaron na bukatar mai kula da shi sosai. Baffanka ya ji, ya yanke hukunci: Sani ya dawo ɗakina. Yana wuni yana bubbuga ƙofar uwarsa, amma zai saba. Kai ma da kakarka ta karɓe ka daga hannuna, kwana bakwai kawai ka yi kuka.

Ka sa mu a addu'a, ka gai da maigidanka.

Mahaifiyarka,
Hajiya Fanna