Takardar Asabe

Laraba, 14 ga Maris, 2007. Samaru.

Na kasa cike takardar Asabe. Takardar tana nan gabana tun bayan isha'i.

Shekara uku ina sakatariyar ƙungiyarmu ta ceton matan da aka yi safararsu, ban taɓa barin gurbi fayau ba. Yau da hantsi aka kira mu caji ofis a Sabon Gari, wai an samu wata, Asabe. Ashe da ƙafarta ta je kai ƙarar mutumin da ya zo wurinta ya fasa mata baki. Ita aka tsare, shi ko sunansa ba a rubuta ba.

Gurbi biyu ne a takardarmu: an yaudare ta, ko an sayar da ita. Na karanta mata. Ta ce, "Anti, ba wanda ya kawo ni. Ni na hau mota na zo. Sana'ata ce, da ita 'yata ke karatu a Palladan. Ki rubuta ya doke ni."

Hajiya shugaba ta ce duk haka suke faɗa, tsoron magajiya ne. Wataƙila ta fi ni sani. Amma ni gajiya na gani a idon Asabe, ban ga tsoro ba.

In na zaɓi gurbi ɗaya, gobe mu karɓe ta a sa ta mota zuwa ƙauyensu, 'yarta ta taso makaranta ta tarar da ɗaki a kulle. In na bar su fayau, sai a kai ta kotu.

Na rubuta "ya doke ta" a gefen takardar, da fensir. Na san Hajiya za ta goge.