Khalas Ɗin Ranar Alhamis

Yaya Nagwa,

Assalamu alaikum. Ya gwiwar taki, ya mutanen Aswan? An sa ɗaurin auren 'yata Dalya Alhamis ta ƙarshen wata, bayan la'asar. Amma tsoro nake ji kada a nemi uban amarya a rasa.

Kin san aikina, ni ke tsaron injinan kamfani kada su tsaya. Yaran da ke rubuta manhaja kuwa sai Alhamis, ana haramar tafiya hutu, suke jibgo mana aikin wata guda. Babbansu Basim ya ce "khalas", wai an gama, ya saɓi jakarsa. Abu ya rushe, ni za a kira. Haka na rasa bikin gama karatun Dalya, har yau ba ta huce ba.

Yanzu kuma an ƙirƙiro mana taro a tsaye kowace safiya, mu da su, kowa ya faɗi inda ya kwana. Ni da furfurata.

Ƙaninki,
Midhat

Midhat,

Wa alaikumus salam. Gwiwa ta hana ni hawa jirgin ƙasa, saboda haka kai ne idona a wurin. Ka rasa auren nan, kada ka ƙara rubuto mini.

Tun kana yaro sai ƙunƙuni, ba ka tambaya. Ni telana in ya ce khalas, sai na tambaye shi: khalas a wurin wa? Ba na yarda sai riga ta shiga jikina. Tunda an tsayar da ku wuri ɗaya, buɗe baki ka tambayi yaron.

Ka gaishe mini da amarya.

Yayarka,
Nagwa

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Na tambaya, a gaban kowa. Basim ya dube ni da mamaki.

"Ai manhajar ta yi aiki a kwamfutata, Baba Midhat."

"Mutanen gari a kwamfutarka suke?"

Aka kwashe da dariya, har da shi. Ashe ba mugunta ba ce. Shi a zatonsa muna sake gwadawa, mu a zatonmu ya gwada. Shekara nawa muna jin haushin juna a kan kalma ɗaya.

Mun yi yarjejeniya. Ba mai cewa khalas sai abu ya hau injinan kamfani, jama'a sun yi amfani da shi lafiya. Aiki kuma ƙanana ƙanana, kullum kaɗan, ta yadda in ya ɓaci a san wanne ne. Wayar gaggawa ma yanzu karɓa-karɓa muke yi da su. Na ga sauƙi, amma zuciyata ba ta gama kwanciya ba.

Ki sa mu a addu'a.
Midhat

Yaya,

Alhamdu lillahi, an ɗaura. Hannuna cikin na ango, an rufa mana farin hankici, na ba da 'yata da bakina. Sai washegari na ji cewa injin kamfani ya ɗan tsaya a daidai lokacin, Basim ya gyara, ya hana kowa nemana.

Da taro ya watse Dalya ta riƙe hannun rigata. Ta ce ta yi ta duban ƙofa, tana jiran ta ga na fita. Na ce mata ina nan, sai kuka ya ƙwace mini a gaban surukai.

Allah ya ba ki lafiya.
Midhat