Kujerar Baba a Shagon Takalma

Zuwa ga ƙanena Auta, wanda yanzu ake kira Sakatare,

Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da sanyin ofis. Mu ma muna nan, ba mu mutu ba tukuna.

Jiya jami'anku na ƙungiyar dukawa suka zo shagona suna yatsina fuska. Wai tunda kun shiga babbar ƙungiyar masu sana'ar fata ta duniya, ba a yarda wanda ba ma'aikaci ba ya zauna a wurin aiki ba, saboda warin gam da wuƙaƙe. Suka nuna Baba da baki yana zaune a kujerarsa, kamar buhun da ya tare hanya. Wai in ban ɗauke shi ba, za su cire mini tambarin ƙungiya, kuma 'yan kasuwar ƙetare ba za su ƙara sayen ko warin takalmi a hannuna ba.

Ko ka manta a shagon nan aka haifi ƙungiyar? Lokacin da dillalai suka shaƙe mu da tsadar fata, Baba ne ya tara dukawa a kan tabarmarsa, tun idonsa na gani. Kai kana gefe kana jan majina. Yau ka ɗaura laƙatai a wuya, kana hawa jirgi kana kwaso mana dokokin mutanen da ba su taɓa riƙe basilla ba. Tsohon nan ba abin da ya rage masa sai jin ƙarar guduma da musu da masu ciniki.

Ni dai ba zan ɗaga shi ba. In ka isa, zo da kanka.

Yayanka.

Auta,

Ina gaishe ka don an koya mana gaisuwa, ba don komai ba. Yaya matarka da yara?

Ashe ka isa. Ka bari sai da na tafi sayen fata, ka lallaɓo da mota ka kwashe shi har da kujerar. Yanzu yana gida cikin ɗaki, shi da rediyon da ka saya masa, wanda bai ko kunna ba. Kullum da safe sai ya sa rigar fita da hula ya zauna, rana ta yi tsaka ya cire hular ya kwanta. Abinci sai yayarka, uwargidana, ta yi ta lallashi.

Tambarinku na nan a ƙofa yana walƙiya, aiki ya shigo har ya yi mini yawa. Na ɗauko guduma in ɓamɓare shi, na tuna yarana, na ajiye. Abin da ya fi cina ke nan: ka san ba zan iya ba, shi ya sa ka yi.

Baba ya ce in faɗa maka ya gane, wai ƙungiya ta girma ta wuce tabarma, kuma yana alfahari da kai. To, na isar da saƙo. Wannan nasa ne. Ni kada ka sake taka mini shago.

Yayanka, baduku.