Gilashin Nutso da Mai Riƙe Igiya

Zuwa ga Yaya Tokiko,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da shagon naku. Nan garinmu Shima na bakin teku sanyi ya fara ja da baya. Na rubuto ne maimakon in buga waya, don wayar gidan nan tana bakin ƙofar Inna, surukata, kuma kunnenta ya fi gwiwarta lafiya.

Gwiwar ce ma ta kawo maganar. Likita ya hana ta nutso. Kin san tun tana amarya take shiga teku ta ɓamɓaro awabi, dodon-koɗin teku mai tsada, daga jikin duwatsu, marigayi mijinta yana cikin jirgi riƙe da igiyar da ke ɗaure a ƙugunta. In numfashinta ya kusa ƙarewa sai ta fizga, shi kuma ya jawo ta sama. To idan aka buɗe teku bana, wato lokacin nutso ya kama, babu macen gidan nan a ciki, za a ba wata gurbin Inna a bukkar masu nutso, inda take jin wuta shekara da shekaru. Na ce ni zan shiga, mijina Genzo ya riƙe mini igiya kamar yadda babansa ya yi. Yaya, ko a littattafaina ban taɓa cin karo da abin da ya kai wannan daɗi ba. Mace a ƙarƙashin ruwa, ranta a hannun mijinta!

Tun bara nake koyo a gaɓa tare da matan. Matsalata ɗaya ce: da ruwa ya shiga gilashina ya taɓa mini hanci, sai in rikice in taso kamar an koro ni. Na ga a takardar tallan shagonku akwai gilashin nutso mai ɗan bawul, wata 'yar ƙofar fitar ruwa, a ƙarƙashin hanci, wai da an hura sai ruwan ya fice. Na nuna wa Genzo. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ƙwayar yashi ɗaya ta maƙale a bawul ɗin nan, ruwa ya cika miki ido." Na ce to in nemi marar bawul. Ya ce, "Ke da kike firgita?" Na ce to wanne ke nan? Ya ce shinkafar yau ta yi ruwa.

A wani littafi da na karanta, mijin da ya yi irin wannan kauce-kaucen ashe ciwo yake ɓoyewa, ya mutu a babin ƙarshe cikin dusar ƙanƙara. Na zuba wa nawa ido, kwano biyu ya cinye.

Don Allah ki raba ni da wannan ruɗani. Ki huta lafiya.

Ƙanwarki,
Chizuru

*

Chizuru uwar mafarki,

Na gaishe ki. Muna lafiya, sai baƙi masu zuwa kallon kifi da suka hana mu zama.

Ki ajiye littafi ki saurara. Mai bawul an yi shi ne don irin baƙinmu, masu goyon tulun iska a baya. Su iska ba ta yanke musu, su yi ta hurawa son ransu. Ke kuwa abin da ke ƙirjinki shi ne guzurinki, duk hucin da kika yi a ƙasa kin rage na dawowa. Marar bawul shi ma ana korar ruwansa: ki danne samansa, ki ɗaga kai, ki hura ta hanci. Sai dai yana son natsuwa, ke kuma ban san ranar da aka raba ta kina nan ba.

Na aiko miki duka biyun. Ki ɗora kowanne a fuska ba tare da kin ɗaura ba, ki ja iska ta hanci. Wanda ya manne bai faɗi ba, shi ne naki.

Mijinki ba zai mutu a dusar ƙanƙara ba, a garinku ma ba ta cika sauka ba. Ki gaishe mini da Inna da gwiwa.

Yayarki,
Tokiko

*

Yaya Tokiko,

Bayan gaisuwa da godiya, saƙo ya iso. Sai dai ruɗanin ya ƙaru, don duka biyun sun manne.

Na kai su bukka. Goggo Matsu, babbar masu nutso, ta juya mai bawul ɗin ta leƙa ƙarƙashinsa ta ce, "Kai! Wannan har da cibiya? 'Yar birni, shayar da shi za ki yi?" Aka kwashe da dariya. Wata ta ce ita da za a ba ta tana so, don ta gaji da majina. Wata ta ce gilashi mai ƙofa ai gayyatar teku ne. Na tambayi Inna, tana zaune tana gasa dankali. Ta ce, "Ni da guda ɗaya na tsufa. Ki goge shi da ganyen tazargade kada ya yi hazo, shi ke nan." Na ce, "Inna, wanne zan goge?" Ta ce, "Wanda za ki sa mana."

Genzo kuwa ya fi kowa ɗaure mini kai. Na gwada mai bawul a bahon wanka, na fito ina murna, ya ce ruwan baho ba shi da yashi. Na gwada ɗayan a gaɓa, ruwa ya shiga, na kore shi yadda kika koya mini, har sau biyu ban firgita ba. Na zo da gudu na gaya masa. Ya ce robar ɗaure gilashin tana da alamar tsinkewa. Sabuwa fil, Yaya! Jiya kuma ya ce ya ji akwai wani iri na uku da ake yi a Osaka, mu dakata a kawo. An kusa buɗe teku, Goggo Matsu ta ce in faɗa mata ko ina ciki ko ba na ciki, don akwai mai jiran gurbin.

Na rasa gane mutumin nan. Ko ya raina ni ne, yana ganin 'yar birni ba za ta iya ba? Ko kunya yake ji a gan shi da ni a jirgi? Da a littafi ne, da yanzu ya riƙe hannuna a bakin teku ya faɗa mini abin da ke ransa. Shi kuwa sai gyaran raga. Ranar nan na same shi a jirgi yana murza igiyar babansa a hannu, da ya gan ni ya tura ta ƙarƙashin benci kamar ya sato ta.

Inna kuwa na ga ta fara kwaso 'yan kayanta daga bukka, yau kofi, gobe matashi.

Ki amsa da wuri.

Taki,
Chizuru

*

Chizuru,

Gaisuwa. Na yi wa mijinki alkawarin yin shiru, amma alkawarin ya kai iyakarsa.

Kafin in aiko kayan ya bugo mini waya daga tashar jiragen ruwa. Ya yi ta gaisuwa har na zaci rance zai nema, sannan ya ce, "Yaya, ki ce mata duka biyun sun ƙare." Na ce, "Ƙanina, shagon nawa kake so ka kashe?" Sai ya ce, "Baba ya san numfashin Inna kamar nasa. Tun kafin ta fizga yake ji a hannunsa. Ni ban san na Chizuru ba. Tana iya ganin wani kifi mai kyau ta tsaya kallo, ta manta da ni da igiyar." Nan take na tuna tukwanen Mama da kika ƙona kina karatu.

Babu iri na uku a Osaka. Ko na zinariya kika kawo sai ya samo masa aibu. Tsoro yake ji, shashasha. Sauran ya rage naki.

Yayarki,
Tokiko

*

Yaya,

Gaisuwa a gurguje.

Na ajiye masa gilasan biyu a gaba na ce, "Zaɓi ɗaya, ko in roƙi tsoho Isokichi maƙwabcinmu ya riƙe mini igiya." Ya ce, "Isokichi? Wanda ke gyangyaɗi a jirgi?" Ya rufe ido ya ɗauki ɗaya. Marar bawul ne ya faɗo hannunsa.

Yau aka buɗe teku. Na sauka, na hango awabi ƙato a jikin dutse, na miƙa ƙarfen ɓamɓara, sai na ji an fizge ni sama kamar kifi a ƙugiya. Ban taɓa igiyar ba, Yaya! Na sake sauka, ya sake jawo ni. Haka muka yi ta yi har aka tashi, ban fito da ko ciyawa ba. Goggo Matsu ta yi dariya har ta sha ruwa, ta ce, "Genzo, guga ka aura ko mata?" Ya sunkuyar da kai, igiya ta saɓule masa tafin hannu.

Amma na shiga, kowa ya gani. A bukka Inna ta matsa ta zaunar da ni a gurbinta, ta ce ita ma a shekararta ta farko haka baban Genzo ya yi ta mata, har sai da ta cije shi a hannu.

Kada ki tambaye ni wane gilashi ya fi, bai bar ni na daɗe har ruwa ya shiga ba. Gobe za mu koma. Ya ce zai jira in fizga, ni kuma na ce ba zan kalli kifi ba. Inna ta dube mu ta ce dukanmu ƙarya muke yi.

Ki huta lafiya.

Ƙanwarki,
Chizuru